Yadda Rariyata Ta Tace Wasiƙu Ɗari Huɗu

In kun ji ana labarin wanda ya haɗa faɗa a kwamitin sulhu, kada ku wahalar da kanku da tambayar ko wane ne. Ni ne, Ubaidullahi na Bodinga, wanda 'yan kasuwa ke kira Injiniya. Ban taɓa gyara ko tocila ba. Sunan ya samo asali ne daga wata huɗu da na yi a wata makarantar koyon kwamfuta a Sakkwato, inda na dawo da jakar ratayawa da bakin da ya fi jakar girma. Kwas ɗin na wata shida ne, amma a wata na huɗu na lura na riga malaman ganewa, sai na tausaya musu na dawo gida.

Muna da kwamitin sulhu wanda ya haɗa ƙauyukan da ke tsakanin Bodinga da Shagari. Duk mai damuwa yakan rubuta wa shugaba wasiƙa, ko ya sa a rubuta masa. Magatakarda ne ke karantawa, ya jefa kowace a ɗaya daga cikin kwanduna huɗu: iyakar gona, ɓarnar dabbobi, rigimar ruwa, da saɓanin zumunci. Kowane kwando da dattawan da ke zama a kansa. Shekara ashirin da biyu kawuna Malam Maniru, yayan mahaifiyata, yana wannan aiki, har yanar ido ta rufe masa gani. Kafin a yi shawarar wanda zai gaje shi, wasiƙu ɗari huɗu da goma sha biyu sun cika buhu biyu, ga damina ta ƙarato, kuma kowa ya san rigimar gonar da ba a kashe kafin shuka ba sai ta yi 'ya'ya.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son kujerar nan kamar in yi kuka. Shekarata talatin da ɗaya, in aka tambaye ni sana'ata sai in ce ina ɗan taɓa harkar kwamfuta, in yi sauri in canza magana. Magatakarda kuwa yana da hatimi, yana da babur ɗin kwamiti, kuma in ya shigo taro ana matsa masa a tabarma.

Matsalata ɗaya, Kausar. 'Yar Kawu Maniru ce, wato taubashiyata, malamar firamare, kuma tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba tare da ta taka ta ba. Ita ce ke karanta wa mahaifinta wasiƙun tun da idonsa ya fara rauni. Ranar Litinin da aka zauna a zauren shugaba, Alhaji Ɗantani, ta ce in an ba ta mako biyar za ta karanta buhunan nan tas ta raba su. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce wa dattawa duniya ta wuce nan, yanzu akwai na'urar da ke duba doguwar takarda ta gane batunta kafin mutum ya gyara zaman tabarau, kuma ni kwana uku sun ishe ni, har da hutun rana.

Alhaji Ɗantani ya dube ni. Sannan ya ce, "Kwana ukku kac ce? To mun ji. Ran Asabar muna zama Shagari. In kwandunan ga sun hito daidai, hatimi naka na. In ba su hito ba, Kausar ta ɗauka."

Na ce a fara goge babur.

Abin da na dogara da shi wata manhaja ce da na sauke a kwamfutata. Za ka ɗauki hoton shafukan, ta karanta rubutun hannun, ka gaya mata sunayen kwandunanka, ita kuma ta jefa kowace takarda inda ta dace. Na raɗa mata suna Rariya, na kuma sanar da kowa cewa ni na ƙera ta, tunda dai ni na sa mata suna. Ranar Talata na kafa ofis a shagon Zayyanu tela a kasuwar Bodinga, saboda shi ke da wutar sola. Tun hantsi nake ɗaukar hoto. Ashe mutanenmu in sun kama alƙalami ba sa tausayin takarda, mafi gajarta a cikin wasiƙun shafi biyar ce. Kafin la'asar babban yatsana ya kumbura, amma bakina lafiya lau, don jama'a sun cika ƙofar shagon ina yi musu bayanin yadda nan gaba ko alƙalai za su riƙa aiko mini da takardunsu.

Da na gama, na sa aka yi shiru, na yi bismilla, na danna. Ko minti uku ba a yi ba sakamako ya fito. Iyakar gona, babu. Ɓarnar dabbobi, babu. Rigimar ruwa, babu. Saɓanin zumunci, ɗari huɗu da goma sha biyu.

Zayyanu ya ɗage ƙafarsa daga keken ɗinki, ya ce ashe duk ƙasar nan babu mai shiri da ɗan'uwansa, shi ya sa ɗinkin anko ya yi ƙaranci. Wani tsoho mai sayar da igiya ya yi salati. Ni kuwa na haɗa gira kamar abin da nake jira ke nan, na ce wannan gwajin ɗumama inji ne.

A daidai nan Kausar ta biyo ta kasuwa daga makaranta. Ta leƙa allon, ta zaro wasiƙa ɗaya daga buhu, ta karanta shafin farko da ƙarfi. Gaisuwa ce ga shugaba, da addu'a ga mahaifinsa marigayi, da tambayar lafiyar iyalinsa, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da surukansa na Sifawa, da maƙwabcinsa da aka ce ya yi targaɗe. Shafin ya ƙare ba a gama gaisuwar ba. Ta zaro ta biyu, haka. Sai a lokacin na gangara ƙasan bayanin manhajar, inda ban taɓa kaiwa ba, na ga an rubuta cewa in takarda ta yi tsawo, farkonta kawai take dubawa.

"Injiniya," in ji Kausar, "na'urar taka ta iya gaisuwa, wanga kam ba a ƙwace mata. Saura ta shiga cikin gida."

Na ce mata gobe za ta sha mamaki. Ta ce tun muna yara take shan mamakina, har ya fara gundurarta.

Ranar Laraba na zo da dabara. Tunda farkon takarda gaisuwa ne, lallai magana tana ƙarshe. Na umarci Rariya ta bar komai ta duba shafin ƙarshe kaɗai. Na danna. Wasiƙa ɗari huɗu da tara suka faɗa kwandon ruwa. Ukun da suka rage, shafinsu na ƙarshe ne gara ta cinye.

Mai hankali da ya tsaya ya buɗe ko guda ɗaya. Da ya ga cewa duk manomin da ke rufe wasiƙa a bazara sai ya roƙi Allah damina mai albarka, ruwa mai amfani ba mai ɓarna ba, rijiyoyi su cika, fadama ta jiƙa. Ni ban buɗe ba. Na fito ƙofar shago na sanar da cewa binciken na'ura ya gano babbar damuwar yankinmu ita ce ruwa, kuma zan kai rahoto inda ya dace. Kafin azahar maganar ta zagaya kasuwa ta dawo da ƙiba: wai kwamiti zai haƙa burtsatse ɗari huɗu da tara, kuma Injiniya ne ke rubuta sunaye. Layi ya kai har rumfar masu albasa. Wani bawan Allah daga Dingyadi ya kawo mini zabbi biyu don in sa unguwarsu a gaba. Zayyanu ya kasa ɗinki, ya ce in ban kwashe jama'ata ba zai cire mini waya daga sola. Sai da Kausar ta zo ta karanta musu shafin ƙarshe na wasiƙa uku a jere, sannan layin ya watse, ana tafe ana waiwayena. Mai zabbin ya dawo ya karɓi abinsa, bai ko yi sallama ba.

Na koma gida a sanyaye. Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe a tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in akwai wata hanya. Ta dubi bangon kicin ta ce ta ji wai ana rabon burtsatse a gari, ko masu rabon za su tuna tulun gidansu kwana biyu babu ruwa. Na ɗauki jarka na nufi famfo.

Ranar Alhamis kuwa, nan na yi abin da har yau nake ganin da a wata ƙasar ce da an ba ni lambar yabo. Na sa Rariya ta yanka kowace wasiƙa gunduwa-gunduwa, ta zubar da gaisuwar farko da addu'ar ƙarshe, sannan kowace gunduwa ta kaɗa ƙuri'a. Batun da ya fi yawan ƙuri'u shi ne batun takardar. Na danna ina rufe da ido ɗaya. Sai ga kwanduna huɗu sun cika ras: iyakar gona ɗari da ashirin, ɓarnar dabbobi ɗari da takwas, ruwa casa'in, sauran zumunci. Na zagaya kasuwa da kwamfutar a buɗe ina nuna wa har waɗanda ba su tambaya ba.

Da yamma na je na yi wa Kawu Maniru albishir. Yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya tambaye ni guda nawa na karanta da idona. Na ce ai amfanin na'ura ke nan, ba sai an karanta ba. Ya gyara zama ya ce, "Ubaidu, zamna in gaya maka yadda mutanenmu ka biɗar abu ga babba." Ya fara ke nan wayata ta yi ƙara. Na ce masa ina zuwa, na fita amsawa, daga nan na wuce majalisa.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na ga bai kamata a je Shagari a tsaya jiran dattawa su aika kiran mutane ba. Na zaɓi wasiƙun da suka fi samun ƙuri'u a kowane kwando, na tsinto sunayen da ke cikinsu, na buga takardun gayyata da sunan kwamiti, cewa an kawo ƙarar wane, ya bayyana ranar Asabar. Ranar Juma'a 'yan kabu-kabu suka watsa su ƙauyuka.

Asabar ta yi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata babbar bishiyar bedi a Shagari, maza a gaba, mata a gefe ta wajen katanga. Mutane sun fi ɗari uku, don labarin na'ura ya riga mu isowa. Na yi hayar lasifika mai makirfon da ba shi da waya, saboda kada wani na baya ya rasa jin nasarata. Na jera kwandunan huɗu a gaban Alhaji Ɗantani, na yi jawabin buɗewa wanda ba a nema ba.

Ban rufe baki ba sai ga wani Arɗo daga wajen Horo Birni ya taso da takardar gayyata a hannu, ƙannensa uku a bayansa, kowa da sandarsa. Ya ce yana son ya ga wanda ya kai ƙararsa, don shekara uku rabon da saniyarsa ta taka gonar wani. Na zaro wasiƙar da alfahari na miƙa. Alhaji ya ce Kausar ta karanta. Shafi shida manomin ya yi yana ba da labarin yadda shanun Arɗo suka cinye masa dawa shekara uku da suka wuce, kala-kalar shanun, da tsawon dawar. A shafi na bakwai, cikin layi uku, ya ce tun ranar da Arɗo ya tako da ƙafarsa ya ba shi haƙuri suka zama aminai, don haka yana son kwamiti ya shaida ya bar wa Arɗo karan gonarsa kyauta duk bayan girbi. Manomin yana wurin. Ya tashi yana rantsuwa bai kai ƙarar kowa ba, Arɗo kuma ya ce to wa ya sa shi baro shanunsa tun asuba. Duk suka juyo suka dube ni.

Na ce kowace na'ura tana da kuskure ɗaya cikin ɗari, kuma ga shi mun ci sa'a ya fito da wuri.

Sai hayaniya ta tashi a baya. Dattawa biyu ne daga Sifawa, kowa ya riƙe gayyatarsa, ana janye su daga juna. Shekara arba'in gonakinsu na jere ba a taɓa jin kansu ba. Jiya da takardata ta isa, kowa ya ɗauka ɗayan ne ya kai shi ƙara, aka tono maganar wata tsamiya da ke kan iyaka, har an daina gaisawa a masallaci. Aka nemo wasiƙar. Ta wani tsoho ce maƙwabcinsu, wanda ya yi shafi biyar yana zayyana iyakar gonarsa, gabas tsamiya, yamma suri, kudu gonar wane, arewa ta wane. A can ciki ya ce ya tsufa, ba shi da magaji, ya ba da gonar a yi maƙabarta.

Kawu Maniru ya nemi a miƙa masa makirfo, na ƙi saki, sai ya yi maganarsa haka nan. Ya ce wannan shi ne abin da ya so gaya mini shekaranjiya. Mutumin kirki ba ya faɗa wa babba da buƙatarsa kamar mai tallan kifi. Sai ya kewaya, ya yi zancen gona, ya yi na shanu, in ya ga zama ya yi daɗi ya ajiye ainihin maganar cikin layi biyu, ya yi sauri ya rufe ta da wani zancen. Gwargwadon nauyin buƙata, gwargwadon gajartarta. Kausar ta ƙara da cewa wato a zaɓen da na shirya, gaskiya ce kaɗai ba ta da magoya baya.

Aka yi dariya. Na ji kujerar tana sulɓewa daga hannuna, kuma wallahi na ji tsoro. Na roƙi Alhaji alfarma ɗaya: a sa hannu a kwandon ɓarnar dabbobi a zaro kowace, ni da kaina zan karanta, in ba ta dabbobi ba ce na haƙura. Alhaji ya ce Malam Maniru ya zaro, tunda shi ba ya gani balle a ce ya zaɓa.

Rubutun Kausar ne a takardar, amma wannan bai dame ni ba, rabin matan Bodinga ita ke rubuta musu. Na tsallake gaisuwa na kama karatu da murya mai kauri. Wata mata ce ke ba da labarin awakin maƙwabta da suka shiga gonar wakenta. Shafi na biyu, awaki. Na uku, awaki da tunkiya guda. Ina karantawa ina kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya. Gonar tana bayan makarantar allo, kusa da wata kuka mai rami, na ji kamar na san wurin, amma shekara uku rabona da zuwa gona, ban tsaya tunani ba. A shafi na biyar matar ta ce ta yafe awakin, ba ƙara ta kawo ba.

"Sannan akwai wata 'yar magana, ranka shi daɗe," na ci gaba, "wagga ta kunnenka ta kai ɗai."

Alhaji ya ɗaga hannu in dakata. Na ɗauka so yake ya katse ni don ya ga ina cin nasara, sai na ƙara murya.

"Wancan na gidana, wanda ba ni hwaɗin sunanai, na ji shina biɗar kujerar kawunai. Ba shi sata, ba shi shaye-shaye, zuciyatai hwara ta. Aibinai guda, bai taɓa kama abu ya kai ƙarshe ba. Ya koyi ɗinki ya tsaya ga wando. Ya yi kiwon kaji ya bar mani su."

A kan kajin nan na gane. Amma bakina ya riga hankalina gudu, kamar yadda ya saba, kuma layin da ya rage guda biyu ne.

"In kun ga ya iya, ku ba shi, ko ya samu wurin zama cikin mutane. In kun ga bai iya ba, roƙona guda na: ku ja shi gehe ku gaya mashi sannu, kada a kunyata mani shi gaban jama'a."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Arɗo ya sunkuyar da kai. Dattawan Sifawa suka manta da tsamiyarsu. Kausar, wadda ta zauna ta rubuta wa gwaggonta roƙon a ba ni kujerar da ita ma take nema, ba ta rage ko kalma ba kuma ba ta taɓa goranta mini ba, ta kau da fuska. Na dubi wajen katanga. Inna tana zaune cikin mata, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, tana kallon ƙasa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta yi maganata mai tsawon haka ba, sai yau, da bakina, ta lasifikar da na yi haya.

Alhaji Ɗantani ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya kama hannuna kamar mai jan yaro, ya zagaya da ni bayan bedin inda ba mai ganinmu. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena, ya sassauta murya iyakar sassautawa, ya ce, "Ubaidu, ɗana, ka yi haƙuri. Hatimin ga na Kausar na."

Daga can gaban bishiyar na ji lasifika ta maimaita wa duk Shagari, har da haƙurin. Alhaji dai ya cika wa Inna roƙonta. Ni ne ban kashe makirfon ba.